Na'urar Daidaita Zafi Mai Basira Da Tsimin Makamashi A Gida

Duk wanda ya taɓa amfani da dutsen guga na lantarki ya san yadda yake yin 'yar ƙara idan ya ɗauki zafi, fitilarsa ta mutu, jim kaɗan kuma ta sake kamawa. Abin da ke yin wannan aiki shi ne tamostat, wato na'urar da ke auna zafi, ta kunna wuta ko ta yanke ta, domin zafin ya tsaya inda aka umarce shi. A tsohon samfurinta, fallayen ƙarfe biyu ake mannewa, tagulla da baƙin ƙarfe. Da yake tagulla ta fi miƙewa idan ta ji zafi, sai fallen ya lanƙwashe ya katse hanyar lantarki. Tun a 1883 wani malamin kwaleji a jihar Wiskonsin ta Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar irin wadda ake kafawa a bangon ɗaki. A Amurka kuwa, ɗumama gida da sanyaya shi su ke cinye kusan rabin makamashin da gida ke sha, don haka wannan 'yar na'ura ba abin rainawa ba ce.

Kafin ɗalibi ya fahimci inda tsimin yake, sai ya riƙe doka guda: zafi kullum daga wuri mai zafi yake kwarara zuwa wuri mai sanyi, kuma gwargwadon bambancin da ke tsakanin wuraren biyu, gwargwadon saurin kwararar. Kamar tulu ne mai huji a gindi. In ya cika, yoyonsa ya fi ƙarfi, in ruwan ya yi ƙasa, sai yoyon ya ragu.

A ɗauki gida a birnin Shikago da hunturu, waje yana digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, ciki yana 21. Idan aka sauke cikin zuwa 16 bayan kowa ya shiga bargo, bambancin ya koma 16 daga 21, zafin da ke sulalewa ta bango da taga ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu a waɗannan sa'o'i. Wasu kan ce ai sake ɗumama gidan da safe zai cinye abin da aka tsimta. Wannan kuskure ne, domin abin da ake biya shi ne jimillar zafin da ya fita, gidan da ya kwana da ɗan sanyi kuwa bai zubar da mai yawa ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa sassauta na'urar da kimanin digiri 4 zuwa 6 na tsawon sa'a 8 a kullum na iya rage har kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗumamawa da sanyayawa a shekara.

Dokar ba ta canza ba a ƙasa mai zafi, sai dai ta juya. Idan Kano ta kai digiri 40 a watan Afrilu, wanda ya saita iyakwandishan a 18 yana kokawa da bambancin 22, wanda ya saita a 25 kuwa 15 ne kawai a gabansa. Zafin rana a kan kwano da na jikin mutanen ɗakin kan rage wannan riba, amma ba sa share ta. Saboda irin wannan lissafi ne Indiya ta wajabta, daga 2020, a fito da sababbin na'urorin sanyaya ɗaki a saite kan digiri 24.

To, ina basirar ta shigo? Matsalar ba ta kimiyya ba ce, ta mantuwar ɗan Adam ce. An daɗe da ƙera tamostat mai agogo wadda ake tsara wa lokuta, amma mutane da yawa ba su iya tsara ta ba, ko kuma su bar ta a wuri guda, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta daina ba ta tambarin Energy Star a ƙarshen 2009. Sai ga Ecobee ta Kanada a 2008, da Nest a 2011, wadda Google ya saya a 2014 kan dala biliyan 3.2. Irin waɗannan suna da idon da ke gane motsi a ɗaki, suna haɗe da intanet, suna duba hasashen yanayi, wasu ma sukan gane ta wayar maigida cewa ya yi nisa da gida. Nest kan lura da yadda ake murɗa ta na kimanin mako guda, daga nan ta tsara wa kanta jadawali.

A 2015 kamfanin Nest ya ce masu amfani da ita sun rage kashi 10 zuwa 12 cikin 100 a ɗumamawa, da kusan 15 a sanyayawa. Mai sayar da kaya ne ya faɗa, ya kamata a tuna. Ƙiyasin Energy Star kusan kashi 8 ne. Ribar ta fi yawa ga gidan da ake fita a bar shi fanko da rana. Wanda dama can yake sassauta na'urarsa da hannu, kaɗan zai gani, haka ma gidan da iska ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, domin tamostat ba ta toshe huji.

Malami na iya gwada dokar a aji da kofi biyu iri ɗaya, ɗaya da ruwa mai digiri 70, ɗaya mai 45. A auna su kowane minti biyar, ɗalibai su rubuta digiri nawa kowanne ya zubar a minti ashirin na farko.