Kafin Ka Sa Murjani a Tanki: Abin Yi da Abin Bari

Murjani dabba ne mai rai. Wanda bai san irin da ya saya ba, bai san abincinsa ba, bai san hasken da yake buƙata ba, kuma a hannunsa zai mutu.

Kada ka yarda da launi. Shuɗiyar fitilar shago tana ƙawata kowane murjani, sannan iri guda yakan sake launi da siffa gwargwadon haske da ƙarfin motsin ruwa. Masana ƙashin suke dubawa, wato 'yan ramukan da ƙananan halittun murjanin ke zaune a ciki, a raye kuwa nama ya rufe su. In ka gano danginsa, tsaya nan. Kada ka ƙaƙaba masa cikakken suna don burga.

Ka riƙa ƙirge. Goniopora da Alveopora kamar an tsaga kara suke, amma na farko 'yan yatsu 24 ne kewaye da bakinsa, na biyu 12.

Kada ka riƙe sunan da ɗan kasuwa ya raɗa. Na talla ne, ba ya cikin littafin ilimi.

Ka nemi Corals of the World na J.E.N. Veron, mujalladi uku, bugun shekarar 2000. Wajen murjani mai ƙashi shi ne madogara, sai dai ba zai koya maka kiwo ba. Wannan aikin Aquarium Corals ne na Eric Borneman, bugun 2001, kuma a ganina da shi ya kamata sabon shiga ya fara. Murjani mai laushi kuwa, Soft Corals and Sea Fans na Fabricius da Alderslade. Littafin da hotuna kawai ya tara, ba bayanin abinci da haske, bar shi a kanta.

Kada ka ɗauka sunayen cikin littattafan nan suna nan daram. Binciken ƙwayoyin gado ya sauya da yawa: a 2016 Acanthastrea lordhowensis ya koma dangin Micromussa. Ka gwada kowane suna da rumbun WoRMS a intanet.

Kada ka sayi Tubastraea in ba za ka ciyar da shi da hannu ba. Ba shi da gansakukan da ke samar wa sauran murjani abinci daga haske. Dendronephthya kuwa, duk kyansa, ko ƙwararru yakan mutu musu. Ka bar shi a teku.

Kada ka taɓa Palythoa ba safar hannu da tabarau. Wasunsu na ɗauke da guba mai tsanani, kuma tafasa dutsen da suke manne a kai ya sha kai iyalai asibiti, saboda tururin ma guba ne.

Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba a ƙetare iyaka da shi sai da izini. Ka tambayi takarda, ka fifita wanda aka raina a tanki. Wanda ya kasa faɗa maka inda kayansa ya fito, kada ka ba shi kuɗinka.