Darasi Kan Iskar Butan Da Danƙon Wiwi

An shirya wannan takarda domin jama'ar Geza da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, har zuwa Tsamiya da Lolo a bakin iyakar Benin. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tun da wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, samari suna ganin hotunan waɗansu mutane na ƙasashen Turawa suna tatsar danƙon tabar wiwi da wata iska da ake kira butan. Idan aikin ya ɓaci musu, sai su shiga tambayar juna yadda za a gyara. To, aikin nan ba shi da gyara a cikin ɗaki, gama aibin yana cikin halin iskar kanta.

Butan ita ce ruwan nan da ake gani cikin laitar kunna wuta, akwai ta kuma cikin tukunyar gas ta girki. Matse ta aka yi da ƙarfi ta zama ruwa. Da zarar ta sami kafa sai ta tafasa, domin sanyin da ruwa ke zama ƙanƙara ya ishe ta tafasa, balle zafin ƙasar Kebbi. Mudu ɗaya na ruwan nan yakan zama mudu fiye da 200 na iska.

Ga inda mutuwa take. Butan ta fi iskar da ake shaƙa nauyi wajen ninki 2. Hayaƙi yakan tashi ya bi taga ya fita, ita kuwa sai ta kwanta a ƙasa, ta malala kamar ruwa, ta shige ƙarƙashin gado, ta bi ƙasan ƙofa zuwa wani ɗaki. Ido ba ya ganinta. Asalinta ba ta da wari. Warin da ake ji a gas na girki zuba shi aka yi da gangan don gargaɗi, amma ta gwangwanin cika laita sau da yawa ba a zuba mata. Kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ta kama. Ba sai an ƙyasta ashana ba. Maɓallin fitilar lantarki, ko murhun maƙwabciya, ko ɗan tartsatsin nan da riga ke yi da hunturu, kowanne ya isa. Da hunturu kuwa ake rufe ƙofa da taga ruf saboda sanyi. A nan bakin iyaka, inda ba a rasa jarkar fetur a zaure ko a bayan ɗaki, gobarar mutum ɗaya ta unguwa ce.

Ko a jihar Kolorado ta Amurka, inda aka halatta wiwi a 2012, gidaje sun yi ta fashewa, har a 2015 hukuma ta mai da wannan aiki a gida babban laifi. A Nijeriya kuwa wiwi ɗin kanta haramtacciya ce. Akwai dokar 1966, sa'an nan aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Sarrafa wiwi laifi ne da kan kai mutum ɗaurin shekaru masu yawa. Danƙon ya ninka ganyen ƙarfi sau da yawa, saboda haka ya fi saurin taɓa hankalin yaro.

Wannan ilmi yana da amfani har ga matar da ke girki da gas. Idan aka ji warinsa a ɗaki, kada a kunna fitila, kada kuma a kashe wadda ke kunne. A rufe bakin tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara tukuna, gama su ne kusa da ƙasa.

Idan wani ya ƙone, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko man goge baki, kada a ɓamɓare tufar da ta manne da fata. A lulluɓe wurin da zane mai tsabta a kai shi asibiti nan da nan. Wanda wuta ta taɓa fuskarsa, ko muryarsa ta dushe, sai a gaggauta da shi ko da ya ce lafiyarsa lau, domin maƙogwaro yakan kumbura daga baya ya toshe numfashi. Babbar ƙuna sai Birnin Kebbi, inda Asibitin Sir Yahaya yake.

Mai gidan da ya ga gwangwanayen cika laita sun taru a ɗakin yaronsa, ko ɗan hayarsa, ya sanar da mai unguwa ko dagaci tun a ranar.