Bayan Haɗari a Wurin Aiki: Abin da Za Ka Rubuta

Ɗan'uwa, idan kana zaune a Gadarif ka san yadda kaka take. Riɗi ba ya jira, in ya nuna sai a yanke shi kafin ya zube. Bayansa ga dawa. Tun shekarun 1940 aka fara noma da tarakta a wannan yanki, yau kuwa inji ya shiga ko'ina: injin sussuka, injin niƙa, injin matsar man riɗi. A irin wannan lokaci na gaggawa ne yatsu suke guntulewa, ƙashi yake karyewa.

Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma kowane haɗari yana da dalili. In ba a gano dalilin ba, injin da ya cinye hannun wani yau zai cinye na wani gobe.

Da farko, ceci mutum

Kashe injin. Danne wurin da jini yake fita da tsumma mai tsabta. Kai shi asibiti. In maganin ƙwari ne ya zuba masa, cire masa tufafin, wanke jikinsa da ruwa da sabulu, ka tafi da gwangwanin maganin domin likita ya gani.

Sannan ka rubuta, a ranar

Kwana biyu suka isa a manta, ko labari ya sauya. In ba ka iya rubutu ba, nemi wanda ya iya, ko da ajami ne, ko ka ɗauki muryarka a waya.

1. Wace rana ce, ƙarfe nawa?
2. A wane wuri, kuma wane inji ne?
3. Me mutumin yake yi a daidai lokacin?
4. Awa nawa ya yi yana aiki? Ya ci abinci? Ya yi barci?
5. An koya masa aikin, ko sabon zuwa ne?
6. Bel ɗin injin yana da murfi? Akwai haske sosai?
7. Su wa suka gani? Tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tara su.

In da hali, ɗauki hoton injin kafin a gyara shi.

Ka yi ta tambayar "don me?"

Ga misali. Bel ya kama hannun rigar wani yaro, ya ja shi. Don me? Babu murfi. Don me babu murfi? An cire shi wajen gyara, ba a mayar ba. Don me? Ana sauri, kuma ba wanda aka ɗora wa dubawa. Da ka tsaya a "yaron ya yi sakaci", da murfin yana nan a ƙasa har yanzu.

Kada ka nemi mai laifi. Wanda yake tsoron kora ba zai faɗa maka gaskiya ba.

Rubuta har wanda aka tsallake

A 1931 wani Ba'amurke, Herbert Heinrich, ya bincika takardun haɗurran masana'antu. Ya ƙiyasta cewa a bayan kowane mummunan rauni 1 akwai ƙananan raunuka 29, da haɗurra 300 waɗanda ba wanda ya ji ciwo. Masana suna gardama a kan lissafin, amma darasin yana nan: ranar da bel ya yaga riga bai taɓa fata ba, gargaɗi ne.

Ajiye littafi guda a wurin aiki. Ƙarshen wata ku karanta shi tare da mai injin. In kun ga yawancin haɗurran da dare suke faruwa, ko a inji guda, kun san inda za ku fara gyara. Ka zo da abin da ka rubuta in za ka kawo majinyaci, zai taimaki likita.