Tsaga da Jarfa a Al'adar Hausawa

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Doka ta birnin Zariya da hantsi, ya dubi fuskokin masu shiga gari da masu fita zuwa Tudun Wada, zai lura da wani abu. Dattawa da yawa suna ɗauke da zane a fuska, magidanta kaɗan ne ke da shi, yara kuwa da wuya a ga ko ɗaya. A lokaci guda kuma samari suna kallon 'yan ƙwallon Turai da jikinsu rufe da zane, har suna zaton abin baƙo ne. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin zanen jiki, kuma ya rarrabe shi fiye da yadda ake zato.

Tsaga

Tsaga aikin wanzami ce, kamar aski da kaciya da ƙaho da cire beli, kuma Sarkin Aska ne shugaban masu wannan sana'a. Manazarta sukan kasa ta gida uku, watau tsagar gado da ta magani da ta ado.

Tsagar gado ita ce wadda akan yi wa jariri, galibi ranar suna, don a nuna asalinsa. Alal misali, Bagobiri ba ya ɓoyuwa, domin zanensa yakan taso daga gefen baki ya nufi kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Akwai kuma zube da bille da 'yan baka da fashin goshi. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, don kuwa yaron da aka sace yana ƙarami yana iya manta sunan garinsu, har ma da harshensu, amma fuskarsa ba ta mantawa. Shi ya sa Turawan mulki suka mai da hankali a kanta. A. J. N. Tremearne ya kawo zane-zanen tsage a littafinsa Hausa Superstitions and Customs na 1913, shi kuma G. P. Bargery ya tattara sunayensu da dama a ƙamusunsa na 1934.

Ita tsagar magani akan yi ta ne inda ciwo yake, a shafa garin magani. Wannan dabara ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a duwatsun Alps, wanda ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, da zane 61 a jikinsa, akasarinsu a gaɓoɓi da ƙugu, kuma masana da dama suna ganin na magani ne.

Jarfa

A nan ne ya kamata a tsaya. Abin da Bature ke kira tatu, kalmar da ta shiga Ingilishi bayan tafiyar Kyaftin Cook zuwa tsibirin Tahiti a 1769, shi ne a huda fata a cusa launi ya zauna har abada. Tsagar gado tabo ce, saboda haka ba ita ce takwararsa ba. Takwararsa ita ce jarfa. Wanzami yakan yi ƙananan tsage kusa da kusa da bakin aska, a kunci ko wuya ko dantse, sa'an nan ya goga baƙin tukunya ko garin gawayi, idan wurin ya warke sai zanen ya fito baƙi. Kalangu, wanda 'yan mata kan yi a kumatu, yana cikin sanannun irinta, matan Fulani kuwa sun yi fice a wannan ado.

Bambancin a ganina ya wuce na aiki. Tsagar gado iyaye ne suka zaɓa wa jinjirin da bai san inda kansa yake ba, kuma tana faɗin na wane ne shi. Jarfa kuwa budurwa ce da kanta take zuwa, ta daure wa zafin aska a gaban ƙawayenta don ta yi kyau.

Dalilan ja da baya

Babban dalili shi ne addini, domin hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim yana la'antar mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata. Daɗin daɗawa, tun daga shekarun 1980 tsoron cutar ƙanjamau ya sa mutane ƙyamar aska ɗaya a jikin mutum goma. Sai kuma Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, wadda sashenta na 24 ya hana yi wa yaro zane ko tsaga.

To amma son ado bai tafi ko'ina ba, sai ya koma ga lalle. Da can ƙunshi ja ne kawai a tafin hannu da ƙafa, yanzu kuwa masu ƙunshi suna zana furanni har gwiwar hannu, kuma da wuya a kai amarya a Zariya ba tare da shi ba. Malamai ba su hana shi ba, tun da launi ne da ba ya tare ruwan alwala, kuma cikin 'yan makonni yake gogewa. Sai dai baƙin da ake kira dayis yakan ƙunshi sinadarin rinin gashi, wanda kan ƙone fatar wasu mata har ya bar musu tabo.