Rigar Kanu da na tsinta a gwanjo

Tambaya: Na sayi tsohuwar rigar Arsenal a gwanjon Ƙofar Wambai, bayanta an rubuta Kanu, lamba 25. Yaya zan gane ko ta asali ce?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da tallan da ke ƙirjinta. Nwankwo Kanu ya zo Arsenal a farkon 1999, ya bar ta a 2004. A tsakanin nan kamfanin Nike ne ke ɗinka rigunan, tallan kuwa JVC ne a watanninsa na farko, sai Dreamcast da Sega, sannan O2 daga 2002. In ka ga Fly Emirates, to an yi maka sakiyar da ba ruwa, domin sai 2006 aka fara sa shi.

Sannan juya rigar ka duba ɗinkin ciki. Na jabu yakan karkace, zare na lilo a bayan tambarin.

Mai JVC ta fi wuyar samu, ni da ita ce a hannuna ba zan sayar ba. Wanki kuwa da hannu, ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Kada dutsen guga ya taɓa lambar, narkewa za ta yi.