Darasi na 9: Darajar Mutum Ba a Aljihunsa Take Ba

A asibiti mukan ji majinyaci ya ce, "Ni kam na gama amfani." Mai tarin fuka yakan faɗi haka, da mai yoyon fitsari, da wanda ya tafi cirani ya dawo hannu wofi. Wannan magana tana da haɗari, domin wanda ya ga ba shi da amfani yakan daina shan magani, ya daina cin abinci, wani ma ya nemi hallaka kansa. A darasin nan za mu duba mene ne mutum, da abin da yake zaune dominsa a duniya.

Hanyar Tamanrasset

Tamanrasset gari ne a kudancin Aljeriya, cikin duwatsun Ahagar. 'Yan'uwanmu da yawa daga ƙasar Damagaram da arewacin Najeriya sukan bi ta Agadas da Arlit su je can neman abinci. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace da matafiya a wannan hanya. An tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe: yara 52, mata 33, maza 7. Galibinsu mutanen yankin Kantche ne. Har yanzu akan kwaso baƙi daga Aljeriya a sauke su a bakin iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. Wanda ya tsira yakan iso gida da raunin jiki, ga bashi, ga kunya.

Littafin Farawa, sura ta 1, ya koya mana cewa Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, namiji da mace. An ba mutum wannan daraja tun bai yi noma ba, tun bai tara kome ba. Saboda haka talauci ba ya iya ƙwace ta, ciwo ma haka.

Baƙon da aka yi jiyyarsa

A 1905 wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld ya zauna a Tamanrasset, lokacin garin bukkoki ne kaɗan. Dā hafsan soja ne, daga baya ya zama fada na ɗarikar Katolika. Ya koyi harshen Abzinawa, ya rubuta ƙamus ɗinsa, yana ba marasa lafiya magani. Da aka yi fari, ya raba wa mutane abincinsa. A farkon 1908 ciwo ya kwantar da shi, ya kusa mutuwa. Maƙwabtansa Musulmi, waɗanda su ma yunwa ke cinsu, suka bi rugage suna neman awaki masu ɗan nono, suka yi ta kawo masa har ya miƙe. Ya zauna tare da su har aka kashe shi ran 1 ga Disamba 1916.

Ku lura da kyau. Mai bayarwa ya zama mai karɓa, kuma bai ragu da kome ba. Matalautan da suka cece shi, ashe suna da abin bayarwa. Hausawa sun ce mutum rahama ne. Yau kai ne a kwance, gobe kai ne mai jiyya.

Abin da ya kamata mu yi

1. Idan ɗan'uwa ya dawo daga hamada, a fara da jikinsa. Bushewar baki, zurmawar ido da ƙarancin fitsari alamun ƙarewar ruwa ne. A zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya riƙa sha kaɗan-kaɗan. In ba ya iya sha, a kai shi asibiti nan take.

2. Kada tambayar farko ta zama, "Me ka kawo mana?" Ku ce, "Sannu da hanya, mun gode Allah da ka dawo da rai."

3. A ba majinyaci aikin da zai iya. Tsohuwa tana iya tsince wake ko riƙon jariri. Gurgu yana iya saƙar tabarma ko koya wa yara karatu. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha ba fashi, kuma wanda ya san ana bukatarsa ya fi jure wa shan sa.

4. Idan baƙin ciki, rashin barci da ƙin abinci sun wuce mako 2, wannan ciwon damuwa ne. Yana da magani, kuma ba ƙarancin bangaskiya ba ne. A kawo shi a duba shi.

5. Idan mutum ya ce gara ya mutu, kada a yi masa tsawa, kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke fiya-fiya da sauran maganin ƙwari daga ɗakinsa, a kawo shi asibiti a ranar.

Tambayoyi domin tattaunawa

Wane ne a unguwarku ya daina fitowa cikin mutane tun da ya kwanta ciwo, ko tun da ya dawo daga tafiya? Wa zai je gaishe shi a makon nan? Wane ƙaramin aiki ne za a iya sa masa a hannu?