Abin da Aka Zubar a Bola: Darasi a Kan Sassaƙar Zamani

Duk wanda ya tashi a Romi ya san motar gwangwani. Yaro zai samo gwangwanin madara da waya, ya yanka tsohon silifas ya yi tayoyi, ya ja abarsa cikin unguwa yana yi mata kukan injin da baki. Mu ma mun yi, mun kuma sha faɗa a kan silifas ɗin da bai gama mutuwa ba. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, akwai manyan mutane da wannan aikin ya kai su ɗakunan nuni na duniya.

Mu fara daga gida. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na gasasshen yumɓu a Jos. Kafin nan an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye! Ashe aikin mutanen da ne, wanda ya haura shekara 2,000. Ana kiran irin waɗannan ayyuka da sunan Nok, ƙauyen da ke ƙasar Jaba a jiharmu, inda masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928. Mutanen Nok sun yi aiki da yumɓu domin shi ƙasarsu ta ba su. A 1958 kuma wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar fasaha. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya. Sun ƙi yarda su zama masu kwaikwayon Turawa kawai, suka ce za su haɗa abin makaranta da abin gida.

To, mu me garinmu yake ba mu yau? Marfin kwalba, leda, gwangwani da guntun ƙarfe.

A nan ne labarin El Anatsui ya shigo. Mutumin Ghana ne, an haife shi a 1944, ya zo koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. Ya daɗe yana aiki da itace da yumɓu. Daga baya ya koma ga marafan gwangwanin madarar Peak, da tsoffin makankarun rogo, da marafan kwalaben giya. Ga yadda ake yi: mataimakansa sukan buɗe marfin su daddale shi, su huda gefensa, su ɗaure shi da na kusa da shi da siririyar wayar jan ƙarfe. Dubu bisa dubu, har abin ya zama kamar ƙaton zane mai ƙyalli da zai rufe bangon bene. Daga nesa sai ka ce saƙar kente ce ta ƙasarsu. Kuma ba ya tilasta wa masu nuni yadda za su rataye shi, don haka duk inda aka kai shi sai ya yi sabuwar kama.

Kada mu ɗauka don araha ya zaɓi marfin giya. Giya tana cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa bakin teku suna musanyawa da bayi. Wato kowane marfi yana ɗauke da guntun tarihi mai ɗaci, ko da yake haɗuwarsu tana da kyaun gani. An nuna aikinsa a babban nunin Venice ta Italiya a 2007, aka ba shi lambar girma ta Zakin Zinariya a can a 2015, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern na Landan. Akwai wasu irinsa, kamar Olu Amoda da Dotun Popoola, masu walda tsoffin ƙarafa su fitar da dabbobi da mutane.

Wasu iyaye sukan tambaye mu ko wannan ba ƙera gumaka ba ne. Tambaya ce mai kyau. Gunki abin da ake yi wa sujada ne, ba mu kuwa ji wanda ya durƙusa wa marfin kwalba ba. Tambaya ta biyu ta fi wuya: za a ci abinci da shi? Ba kowa ne zai kai Landan ba, gaskiya ke nan. Amma a leƙa kasuwar Panteka a ga masu narka gorar ruwa suna zuba tukwane, da masu mai da tsohuwar durom murhu ko akwati. Hannun da ya iya auna ƙarfe, ya yanka, ya haɗa, ba ya rasa abin yi a Kaduna.

Wanda zai gwada lokacin hutu, ya fara zana abin da yake so a takarda, sa'an nan ya tara kaya iri ɗaya, domin tarkace barkatai ba ya ba da siffa. Ya wanke su da ruwa da sabulu, ya sa safar hannu. In tsatsattsen ƙarfe ya yanke shi, ya tafi asibiti a yi masa allura, kada ya tsaya shafa toka. Marafai 200 sun isa yin abu kamar faifai. A zo mana da shi ranar da aka dawo makaranta, tare da takardar zanen.